Kafson Omega da Kifin Shawa: Wasiƙa Daga Tudun Wada

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan wani abu da ya cika kemis-kemis da motocin talla a garin Kaduna, wato kafson man kifi da ake kira omega, musamman wanda ake rubuta wa 3-6-9 a jikin kwalba. Aikin gwajin jini na yi a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti har na yi ritaya, kuma auna kitsen da ke yawo cikin jinin mutane yana cikin aikina na yau da kullum. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji mai lasifika a tashar Kawo ko bakin Kasuwar Bacci yana rantsuwa cewa wannan kafso yana wanke jijiya, yana narkar da teɓa, yana maganin hawan jini da suga da mantuwa da raunin mazakuta. Sinadarin gaskiya ne, jiki na bukatarsa, ban musa ba. Amma abin da ake jingina masa ya wuce aikinsa nesa ba kusa ba, kuma masu sayen nan galibi mutane ne da kuɗin cefane ma da ƙyar yake kai su ƙarshen wata.

Mai ko kitse, kowane iri ne, da sarƙoƙin sinadarin kabon aka gina shi. Wasu sarƙoƙin miƙaƙƙu ne sambal, su ne ke sa kitsen saniya da man shanu su daskare in an ajiye. Wasu kuma suna da lanƙwasa, wurin da kabon biyu suka riƙe juna da ɗauri biyu, kuma yawan lanƙwasar ne ke hana mai yin barci. Lambobin nan 3 da 6 da 9 suna nuna inda lanƙwasar farko ta faɗo ne in aka ƙirgo daga wutsiyar sarƙar. Iyakarsu ke nan. Ba lambar girma ba ce, 9 bai fi 3 ƙarfi ba, kuma haɗa su uku a kwalba ɗaya bai sa maganin ya ninka uku ba.

Omega-9 dai jiki na ƙera abinsa da kansa, ko daga tuwo da shinkafar da muka ci suka yi rara. Ban da haka, kusan rabin man gyaɗa shi ne, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na manja shi ne. Omega-6 kuwa, wanda uwarsa ita ce sinadarin linoleyik, gaskiya ne jiki ba ya iya ƙera shi, dole sai an ci. To amma wane gida ne a Kaduna ba a cinsa? Kusan kashi 30 cikin 100 na man gyaɗa linoleyik ne, a riɗi ya kai wajen kashi 40, a man agushi da na waken soya ya kai rabi ko ya haura. Wanda ya karya da kunun gyaɗa da ƙosai, ya ci ƙuli-ƙuli da rana, aka yi masa miyar agushi da dare, ya samu fiye da bukatarsa. Ke nan duk wanda ya sayi 3-6-9 ya biya kuɗi ne a kan abu biyu da ke cikin tukunyar gidansa, kuma su biyun sun cinye gurbin da na ukun, wato omega-3, wanda shi ne muke da ƙarancinsa, ya kamata ya cika a cikin kafson.

Yadda aka gano cewa akwai man da rai ba ya yi sai da shi labari ne mai daɗin ji. A 1929 wani masani a Jami'ar Minesota ta Amurka, George Burr, tare da matarsa Mildred, suka riƙa ciyar da ɓeraye abincin da aka tsame duk wani maiƙo daga cikinsa. Ɓerayen suka daina girma, fatarsu ta yi ɓawo-ɓawo, wutsiyarsu ta fara lalacewa. Da aka ɗiga musu ɗan mai kaɗan a abinci sai suka farfaɗo, kuma a 1930 ma'auratan suka nuna cewa linoleyik ne ke warkar da su. A wancan lokacin malamai na ɗaukar mai a matsayin makamashi kawai, don haka ba a karɓi maganarsu nan take ba. Hujja a kan omega-3 a jikin mutum ta zo ne a makare. A 1982 Ralph Holman da abokan aikinsa suka ba da rahoton wata yarinya 'yar shekara 6 da harsashi ya lalata wa hanji, ake ciyar da ita ta jijiya da ruwan abincin da mansa ke da omega-6 da yawa amma kusan babu omega-3. Bayan wasu watanni ta fara jin gaɓoɓinta na mutuwa, ƙafafunta suka yi rauni har tafiya ta gagara, ganinta ya riƙa dishewa. Da aka canza mata zuwa wanda aka yi da man waken soya, mai ɗauke da omega-3, alamun suka tafi.

Yanzu bari mu bi loma ɗaya ta kifi mu ga inda take zuwa. Mai ba ya gauraya da ruwa, cikinmu kuwa ruwa ne, jininmu ma ruwa ne. Don haka in loma ta bar tumbi ta shiga ƙaramin hanji, madaciya kan zubo ruwanta ya farfasa man zuwa ƙananan ɗigo, sannan wani sinadarin narkarwa da fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, ke fitarwa ya kwance sarƙoƙin daga jikin abin da ya ɗaure su uku-uku. Bangon hanji ya tsotse su, ya sake ɗaure su, ya naɗe cikin wasu ƙwayoyi masu rufin furotin. Waɗannan ƙwayoyi ba sa bin jijiyar jini kai tsaye zuwa hanta kamar yadda suga ke yi. Ta hanyoyin farin ruwan jiki suke bi, su haura ƙirji, sai a kusa da gindin wuya ta hagu su zuba cikin jini.

Wannan abu da idona na sha ganinsa. In aka ɗebi jinin mutum aka juya shi a na'ura, jajayen ƙwayoyi kan kwanta a ƙasa, ruwan sama ya fito garau, rawaya-rawaya, har kana iya karanta rubutu ta bayan kwalbar. Amma in mutumin ya tsaya a hanya ya ci wainar da ta sha mai ko tsire mai kitse kafin ya zo, ruwan nan sai ya fito fari-fari, ba ka hango komai ta cikinsa. In ka saka kwalbar a firiji ta kwana, da safe za ka tarar da farin maiƙo ya taso ya kwanta a sama. Ƙwayoyin da hanji ya naɗe ke nan, suna kan hanyarsu. Dalilin da ya sa muke cewa a zo gwajin kitse ba a karya ba ke nan. Kuma dalilin da ya sa wanda likita ya rubuta wa kafson man kifi ya kamata ya sha shi tare da abinci mai ɗan maiƙo, don madaciya ba ta zubo ruwanta sosai in ciki wayam yake.

Omega-3 iri uku ne ke da muhimmanci a gare mu. Akwai ALA, mai kabon 18 da lanƙwasa 3, wanda ke cikin tsirrai. Akwai EPA mai kabon 20 da lanƙwasa 5, sai DHA mai kabon 22 da lanƙwasa 6, waɗanda ake samu a kifi. Kifin ma ba shi ya ƙera su ba, daga gansakukar ruwa suke, ƙananan halittu su ci, ƙananan kifaye su cinye su, manya su cinye ƙanana. Manyan ayyukan da ake yaba wa omega-3 a kansu, EPA da DHA ne ke yinsu. ALA kuwa sai hanta ta ƙara masa tsawo da lanƙwasa kafin ya zama su, kuma a nan ne gizo ke saƙar.

Sinadarin da ke yin lanƙwasar farko a wannan aiki guda ɗaya ne, kuma shi ne dai ke yi wa omega-6 aiki. Ka ɗauka injin niƙa ne guda ɗaya tak a unguwa, masu kawo omega-6 sun jera kwanuka har bakin titi, mai omega-3 kuma ya zo da ɗan kwanonsa ɗaya ya tsaya a layi. Kafin layi ya zo kansa, mafi yawan ALA an riga an ƙone shi an samu kuzari, ko an ajiye shi cikin kitsen jiki. Wanda ya samu shiga, a ƙara masa kabon biyu, a sake yi masa lanƙwasa, ya zama EPA. Daga EPA zuwa DHA kuwa zagaye ne mai nisa. Sai an tsawaita sarƙar ta kai kabon 22, a ƙara ta kai 24, a sake komawa wurin wancan sinadarin na farko ya yi mata lanƙwasa ta shida, sannan a kai ta wani ɗan sashe na daban cikin ƙwayar halitta a datse kabon biyu ta dawo 22. Howard Sprecher ne da abokan aikinsa suka bayyana wannan hanya a farkon shekarun 1990. Wato mai neman DHA sau biyu yake bin layin.

Sakamakon a bayyane yake. Binciken da Graham Burdge da abokan aikinsa suka yi a Ingila a 2002 ya nuna cewa a jikin samari kimanin kashi 8 cikin 100 na ALA ne ke zama EPA, abin da ke kaiwa DHA kuwa daga babu zuwa kashi 4. A jikin 'yan mata adadin ya kai kimanin kashi 21 da kashi 9. Sinadarin mata na istirojin ne ke zaburar da aikin, kuma ni a nan nakan ga hikimar Ubangiji ƙarara, domin mace ce za ta ɗauki ciki ta shayar. An kuma gano cewa mafi yawan mutanen da asalinsu Afirka ne suna ɗauke da nau'in ƙwayar gado mai saurin yin wannan juyi fiye da Turawa da yawa. Sai dai saurin ya shafi ɓangarorin biyu ne, omega-6 ma da sauri ake juya shi.

Kada wani ya karanta wannan ya ce na ce a daina cin man gyaɗa. Akwai masu wa'azin cewa omega-6 guba ne, ni ban yarda da su ba. Shi ne ke riƙe ruwa a fatar mutum, kuma bincike mai yawa ya nuna cewa musanya kitsen dabba da irin wannan mai yana sauke mugun kolestarol. Rage man gyaɗa zai iya ɗan ƙara EPA, amma ba ya taɓuka abin kirki ga DHA. Haka shan ALA da yawa. Awara da ake soyawa a kowane lungu na Rigasa da Unguwar Sanusi tana da ALA, domin kusan kashi 7 cikin 100 na man waken soya shi ne. Ganyen zogale da sauran ganyaye ma suna da ɗan abin da ba a rasa ba. Duk a ci, suna da amfani. Amma hanyar da ta tabbata wajen ƙara DHA a jini ita ce a ci shi a shirye, wato a ci kifi.

Me jiki ke yi da su in sun samu? Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da bango siriri da aka gina da mai, kuma irin man da muke ci shi ake sakawa a ginin. DHA saboda yawan lanƙwasarsa yana sa bangon ya yi laushi, abubuwan da ke cikinsa su motsa da sauri. Inda ake bukatar sauri kuwa, nan ya fi taruwa. A tantanin bayan ido, cikin ƙwayoyin da ke karɓar haske, kusan rabin man da ke bangonsu DHA ne. Yana da yawa a ƙwaƙwalwa, yana da yawa a maniyyi. Kuma lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi tara shi shi ne watanni uku na ƙarshen ciki da shekaru biyun farko na rayuwa. Jariri daga uwarsa yake ɗiba, ta mahaifa da farko, sannan ta nono. In babu a abincinta, daga ajiyar jikinta ake cira. Yawan DHA a nonon uwa yana hawa da sauka ne gwargwadon kifin da take ci. Ku tuna da matanmu da ke haihuwa kusa-kusa, goyo a baya, ciki a gaba, ajiyar ba ta gama dawowa ba an sake ɗiba.

Aiki na biyu shi ne na saƙo. In aka ji rauni ko ƙwayar cuta ta shiga, jiki kan ciro wani omega-6 mai kabon 20, arakidonik, daga bangon ƙwayoyin halitta, ya ƙera sinadaran da ke kawo kumburi da zafi da zazzaɓi, da wanda ke sa jini ya daskare a bakin rauni. Su ne kuma ke sa mahaifa ta murɗa lokacin al'ada da lokacin naƙuda. Asfirin da ibuprofen aikinsu ke nan, toshe sinadarin da ke wannan ƙira. John Vane ne ya gano haka game da asfirin a 1971, kuma ya samu kyautar Nobel a 1982 tare da Sune Bergström da Bengt Samuelsson na ƙasar Suwidin. In EPA ya yi yawa a bangon, shi ma akan ciro shi a bi da shi ta hanya ɗaya, sai dai abin da ke fitowa daga gare shi ba shi da kaifi kamar na arakidonik. Daga wajen shekarar 2000 kuma Charles Serhan na Jami'ar Harvard ya nuna cewa daga EPA da DHA jiki ke ƙera wasu sinadaran da aikinsu shi ne kashe wutar kumburi bayan an gama yaƙi, a kwashe matattun ƙwayoyi, a fara gyara. Kumburi ba abokin gaba ba ne, da babu shi da ƙaramin miki ya kashe mu. Illarsa ita ce ya ƙi tsayawa.

Duk wannan canji a hankali yake faruwa. Jar ƙwayar jini kimanin kwana 120 take rayuwa, kuma sai an yi watanni ana ci kafin adadin omega-3 a bangonta ya daidaita. Saboda haka mai tallan da ya ce ka sha yau, jibi ka ji jikinka ya saki, ba aikin omega yake siffanta maka ba.

Zancen zuciya fa, wanda shi ne babban jarin masu talla? Asalinsa daga wasu likitoci biyu ne 'yan Denmak, Hans Olaf Bang da Jørn Dyerberg, da suka je Girinland a shekarun 1970 suka auna jinin mutanen Inuit masu rayuwa a kan kifi da naman dabbobin teku. Sun tarar da EPA da yawa a jininsu, kitsen jininsu ƙasa-ƙasa, kuma jininsu na jinkirin daskarewa. Daga nan duniya ta ɗauka. Amma da aka zo aka gwada kafso a kan dubban mutane, labarin ya zama mai gauraye. A 2018 aka fitar da sakamakon wani gwaji mai suna VITAL a Amurka, mutane sama da 25,000 masu shan giram 1 a kullum na tsawon shekara biyar, kuma ba a ga raguwa ta a zo a gani ba a jimillar manyan cututtukan zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A shekarar dai, gwajin ASCEND a Ingila kan masu ciwon suga sama da 15,000 shi ma bai nuna amfani ba. Wanda ya nuna amfani shi ne REDUCE-IT, inda aka ba mutane kimanin 8,000 masu haɗarin ciwon zuciya da yawan kitsen jini tataccen EPA giram 4 a kullum, a kan maganin kolestarol da suke sha, aka samu raguwar manyan cututtukan zuciya da kashi 25 cikin 100. Sai kuma a 2020 aka tsayar da wani makamancinsa, STRENGTH, saboda babu alamar amfani. Abin da babu gardama a kansa shi ne, a babban awo irin na giram 4, yana sauke kitsen jini na tiragiliseraid da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Wannan magani ne na likita, da gwaji kafin da bayan. Kuma babban awo yana ƙara haɗarin rikicewar bugun zuciya ga wasu. Wanda ke shan wafarin ko wani maganin tsinka jini kada ya ƙara kafson nan sai likitansa ya sani.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne mai hawan jini ya ajiye ƙwayarsa ya koma kan omega don an ce masa "na gargajiyar Bature ne, ba shi da illa". Ba ya maye gurbin maganin hawan jini, ba ya maye gurbin na suga. Don girman Allah kada a yi wannan musanya.

Inda hujja ta fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne wajen masu juna biyu. A 2018 ƙungiyar Cochrane mai tantance binciken lafiya ta tattara gwaje-gwaje 70 ta gano cewa ƙarin omega-3 a lokacin ciki ya rage haihuwa kafin mako 37 da kashi 11 cikin 100, kafin mako 34 kuma da kashi 42. Duk wanda ya taɓa ganin yadda iyali ke fafutikar neman kwalbar saka bakwaini a garin nan zai fahimci nauyin wannan adadi. Akwai kuma gwajin da aka yi a Sudan aka wallafa a 2013, kan masu sikila 140, inda waɗanda suka sha EPA da DHA na shekara guda suka samu raguwar tashin ciwo. Gwaji ne ƙarami, bai isa a ce magani ya samu ba, amma ga ƙasar da ta fi kowace yawan haihuwar masu sikila a duniya, abu ne da iyaye za su iya tambayar likitan da ke duba ɗansu a kai.

Kwanakin baya wata 'yar ƙanwata mai ciki ta kawo mini kwalbar da maigidanta ya saya mata. "Kawu, duba mini wannan, an ce yana sa yaro ya yi ƙwaƙwalwa." A gaban kwalbar an rubuta 1000 da manyan haruffa. Na juya bayanta, na sa tabarau, na nuna mata ƙananan rubutun: EPA 180, DHA 120. Wato cikin miligiram 1000 na man, 300 ne kacal abin da ake nema. Na ɗauki allura na huda guda ɗaya a kan cokali na ce ta shinshina. Ta kawar da kai. Ba ƙarnin kifi ba ne, wari ne mai maƙaƙi na man da ya lalace. Lanƙwasar nan da ke ba shi amfani ita ce ke sa iska da zafi da haske su ɓata shi da wuri, kuma kwalbar da ta yini a kan tire cikin ranar watan Maris ta Kaduna, ko a bayan motar talla, ba za ta tsira ba. Na kuma nuna mata inda ya kamata a ce an rubuta da me aka yi ɓawon kafson, domin jelatin ne, wani danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabba, ana yinsa da na shanu, da na kifi, da na alade, kuma wannan kwalbar ba ta faɗa ba. Na ce mata ta mayar, ta tambayi ma'aikatan awo. Na kuma ja mata kunne a kan man hantar kifi, wanda aka riƙa ɗura mana da cokali muna yara. Shi daban ne, yana da bitamin A da yawa, kuma yawan bitamin A na iya nakasa ɗan tayi, don haka mai ciki ba ta shansa da ka.

Masana na Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya, a taronsu na 2008, sun ba da shawarar miligiram 250 na EPA da DHA a kullum ga baligi, mai ciki da mai shayarwa kuma 300, wanda aƙalla 200 daga ciki DHA ne. To giram 100 na shawa ko titus, yanka guda mai ɗan kauri, yana ɗauke da giram 1 zuwa 2. Sardin na gwangwani kusan giram 1. Yanka biyu a mako sun biya bukatar mutum, ga furotin, ga bitamin D da B12 a kai, abin da kafso ba zai ba ka ba. Kuma waɗannan kifaye ne da ba sa tara sinadarin makuri mai guba da yawa, mai ciki na iya cinsu hankali kwance. Panla ba shi da maiƙo sosai, nasa kaɗan ne. Tarwaɗa da karfasa na kiwo ma nasu bai kai na shawa ba, ya danganta da abincin da aka ba su, amma sun fi babu nesa. Na san kifin ƙanƙara ya yi tsada, ina zuwa kasuwar Sheikh Gumi ina gani. Sai dai shawa har yanzu yana cikin masu sauƙin kuɗi a teburin mai kifi, kuma jama'a na raina shi ne saboda ƙaya. A yi farfesunsa, ko a gasa, ko a tsame ƙayar a zuba naman cikin miyar kuka ko taushe. Soya shi ƙayau a man da aka yi ta maimaitawa yana rage amfaninsa.

Sai maganar da na fi so mazan Kaduna su ji. A gidajenmu da yawa, in kifi ya shigo, tsokar tana tafiya kwanon maigida, mai ciki da ɗan yaye su ƙare da romo da kai. Ni ƙwaƙwalwata ta gama ginuwa tun tuni, ta maigida ma haka. Wadda ake ginawa yanzu tana cikin matarsa ko tana bayanta a goye. In kifin ɗaya ne, a fara da mai ciki da mai shayarwa, sannan yaron da ya wuce wata shida, a murmushe masa tsokar a cikin fate ko dankali bayan an tsince ƙaya tsaf. Iyayenmu mata da surukai, ku ne ke riƙe da ludayi, wannan a hannunku yake.

Malam Edita, ina roƙon ma'aikatan awo a asibitocinmu su riƙa ambaton shawa da sardin da sunansu idan suna yi wa mata bayanin abinci, maimakon "a ci abinci mai gina jiki" da kowa ya haddace. Ina roƙon hukumar NAFDAC ta sa ido kan masu tallan kafso da lasifika da irin alƙawuran da suke yi, jama'a kuma su riƙa duba lambar hukumar da ranar lalacewa kafin su miƙa kuɗi. Malamanmu na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna su fitar mana da jadawali cikin Hausa na yawan omega-3 da ke cikin kifin banda da kifayen Kogin Kaduna da madatsar Kangimi, a manna a ɗakunan awo. Ku kuma 'yan jarida, duk wanda ya kawo tallan kafso yana cewa yana warkar da hawan jini ko suga, ku nemi ya kawo takardar da hukuma ta amince masa ya faɗi haka kafin ku buga.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naka,
Tsohon ma'aikacin ɗakin gwajin jini,
Tudun Wada, Kaduna.